Yarinyar da Aka Ce Ba Ta Ji

Ni dai ba karatun ba da shawara na yi ba. Hausa na karanta, ita nake koyarwa, ita kuma nake so. Amma da malamin da ke riƙe da ofishin shawara na makarantarmu ya yi ritaya, sai shugabar makaranta ta kira ni ta ce, "Malama, ke kin iya magana. Riƙe mana wurin nan kafin a turo wani."

Na ce, "Hajiya, iya magana daban, ba da shawara daban. Ni faɗa na iya."

Ta yi dariya ta miƙo mini makulli. Wanda za a turo ɗin, har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.

Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta je-ka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke bayan Kura, kanal ɗin ban-ruwa ya bi ta gefen katangarta. Ofishin da aka ba ni ɗakin ajiye karyayyun bencina ne, kuma bencinan ba su tashi ba don na zo. Abin da na gada daga wanda ya yi ritaya shi ne rajista guda, da wani littafin Turanci marar bango wanda gara ta cinye farkonsa. Ga shi a jadawali an rubuta cewa kowace Alhamis ina da darasin shawara, aji bayan aji. To me zan faɗa musu? Satin farko na yi musu wa'azin tsafta da ladabi. Na biyu na maimaita. A na uku na ga wata tana gyangyaɗi tun ban gama sallama ba, na san dole in nemo abin yi.

Sai na koma ga waya. A makarantar nan sabis ba ya kamawa sai a gindin wata darbejiya da ke kusa da ƙofa. Nan nake tsayawa in an fita tara, ina ɗaga waya sama kamar mai ƙoƙarin tsinko mangwaro. Abin da ke intanet ba ya ƙarewa, wallahi, sai dai ba don mu aka yi shi ba. Wani darasi ya ce a raba wa kowace yarinya takarda mai launi da almakashi. Mu almakashi ɗaya ne a duk makarantar, yana cikin durowar Hajiya. Wani ya ce yaro ya rubuta abin da iyayensa suke yi masa na ɓacin rai, ya karanta a gaban aji. Na ce tabɗi! Ranar da na gwada wannan, ranar zan bar ƙauyen nan da gudu. Akwai kuma guruf ɗinmu na malaman shawara a waya, inda ake turo gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa. Darasi kuwa, sai an yi sa'a.

Abin da na ga zai yiwu shi ne wata takarda mai fuskoki: mai murmushi, mai kuka, mai fushi, mai tsoro. Yarinya za ta nuna wadda ta yi daidai da halin da take ciki. Na samo kwalin sabulu na farke shi, na zana fuskokin da hannuna. A saman takardar akwai tambaya da Turanci, na fassara ta da kaina, ni malamar Hausa guda, na rubuta da manyan baƙaƙe: "Yaya kike ji yau?" Har na ja da baya na kalli aikina na yaba wa kaina. Da na kai aji, kowace yarinya ta taso ta dangwala yatsa a kan mai murmushi ta ce, "Lafiya lau, Malama." Har da wadda na san an yi musu rasuwa a satin. Duk da haka na maƙala kwalin a bangon ofis, tunda shi kaɗai ne ke nuna cewa ba ɗakin ajiya ba ne.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo mini da wata yarinya 'yar aji biyu, siririya, hijabinta ya koɗe amma a wanke tas. Ta tsayar da ita a bakin ƙofa, ita kuma ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Wannan ta ishe mu, Malama. Ba ta ji. Kunnen ƙashi gare ta."

Ta jero mini laifuffukan. A wurin taron safe an ce a tsaya, ita ta ci gaba da tafiya. Malamin lissafi ya kira ta sau uku tana zaune ba ta waiwayo ba. Da ya zo kanta ya ce, "Ke ba kya ji ko?" sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "E, Malam, ba na ji." Aji ya ɗauki dariya, shi kuwa ya rantse ba zai sake shiga ajin ba in tana ciki. An kira ubanta, manomin shinkafa ne, ya ce shi ma haka take yi masa a gida. Ya ce a ƙara ba ta dama ɗaya. In aka sake kawo masa ƙara, zai cire ta ta koma taya uwarta aikin gumi, wato turara shinkafa, ya huta da jin kunya.

"Na ba ki zuwa ƙarshen wata," in ji Hajiya. "In ta gyaru, to. In ba ta gyaru ba, uban ya ɗauki abarsa."

Na ce wa yarinyar ta zauna. Na buɗe rajista, kaina a sunkuye ina rubutu ina yi mata tambayoyi: sunan ƙauyensu, su nawa ne a gida, me ya haɗa ta da malamin lissafi. Shiru. Na ɗago kai, sai na ga ta ƙura wa fuskata ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Raina ya soma ɓaci. Mu da aka rene mu in babba yana magana ƙasa kake kallo?

Na ce, "Ke, sauke idonki! Sa'arki ce ni?"

Ta sauke. Na ci gaba da magana, ita kuma daga nan ko uffan ba ta ƙara cewa ba. Na danne zuciyata, na tuna ai yanzu ni mai ba da shawara ce, ba a so in yi faɗa. Na tashi na ciro kwalin fuskokin nan na ajiye a gabanta, na nuna mata rubutun da yatsa. Ta karanta a hankali. Ba ta nuna kowace fuska ba. Ta ɗago ta ce, "Ba na ji sosai, Malama."

Allah sarki ni! A satin nan na karanta a waya cewa akwai yaran da baƙin ciki yake yi wa yawa har su ce ba sa jin komai a ransu, ba daɗi ba ɓacin rai. Nan take na ji na zama gwana. Na ce a raina, ga abin da duk malaman nan suka kasa ganowa, ni na gano a zama ɗaya. Na rubuta a rajista da kyakkyawan rubutu: "Zuciyarta ta dushe, ba ta jin komai. Tana bukatar kulawa." Har layi na ja a ƙarƙashi.

Sati biyu na yi ina zarya gindin darbejiya ina nemo mata magani. Na sa ta zana gidansu, ta zana shi da kyau, har da durom ɗin da uwarta take dafa shinkafa a ciki. Na sa ta rubuta abubuwa uku da take gode wa Allah a kansu, ta rubuta biyar. Duk abin da na rubuta mata a takarda, tana yin sa tsaf. Duk abin da na faɗa da baki, sai ta yi rabi ko ta yi wani abu daban. Ni kuwa ban haɗa biyun ba. Cewa na yi taurin kai ne yake motsa mata lokaci-lokaci.

Ranar da abin ya ɓaci, wani darasin jan numfashi na samo, wai yana kwantar da hankali. Na tsaya a gabanta na yi mata bayani: za ta rufe ido, ta ja numfashi ta riƙe, in na ce "saki" ta saki. Ta gyaɗa kai. Ta rufe ido, ta ja numfashi. Ni kuma na zagaya ta hagunta, na sassauta murya yadda aka ce a yi, na ce, "Saki."

Ba ta saki ba.

"Saki mana."

Tana nan kumatu a kumbure, jijiyar wuyanta ta miƙe. Na ƙara faɗa, na ƙara. Sai da ta fara layi a kan benci sannan numfashin ya ƙwace mata da ƙarfi, ta buɗe ido tana haki tana kallona, wai ko ta yi daidai.

Na manta da duk abin da na karanta. Na buga tebur na ce, "Ke wasa kike da ni? Ni za ki mayar mahaukaciya? Tashi ki ba ni wuri!" Ban tsaya nan ba. Da zafina na wuce ofishin Hajiya na zazzage mata, na ce yarinyar nan da gangan take yi, raini ne tsagwaronsa. Na fito na bar maganar a can, ban ƙara tunawa da ita ba. Da na huce, abin ya dame ni, domin kallon da ta yi mini da ta buɗe ido ba na mai raini ba ne. Amma ni ba na iya komawa in ce na yi kuskure da wuri. Halina ne, na san shi.

Akwai wani dattijon malami a Bunkure, ya daɗe yana riƙe da ofishin shawara a wata makarantar maza. Mun taɓa haɗuwa a wani taron bita, ya ce duk ranar da na rasa ta yi in zo. Ranar kasuwa na hau mota na je. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma yana ware albasa, masu kyau gefe guda, waɗanda suka fara ruɓa gefe guda. Na gaishe shi, na zazzage masa takarduna da labarin yarinyar. Ya ɗauki takardun yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi.

"Ba laifi, 'yata, kin yi ƙoƙari. Amma wa ya gaya miki 'ya'yanmu suna buɗe wa babba cikinsu a ofis, daga shi sai su? Ke da kanki, da kina kamarta, za ki iya?"

Na ce, "To Baba, ya zan yi? Wata ya kusa ƙarewa."

"Daina kiranta ita kaɗai. Shiga ajinsu ki sa su wasa, ke ki koma gefe ki yi shiru ki zuba ido. Shirun ne zai yi miki wuya, na lura." Ya yi dariya. "Yaro a cikin 'yan uwansa ake ganinsa."

Ya koya mini wani wasa da yake yi wa ɗalibansa in yana so ya nuna musu illar gulma. Wasan raɗa. A jera yara, a raɗa wa ta farko magana a kunne, ita ma ta raɗa wa ta kusa da ita, har ta kai ƙarshe. Ta ƙarshe ta faɗa da ƙarfi a ji yadda maganar ta koma. Ba ya bukatar almakashi, ba ya bukatar sabis. Ya cika mini leda da albasa, na yi godiya na taho, ina cewa a raina na ɓata yini guda a kan wasan yara.

Ranar Alhamis na shiga ajinsu na ce yau wasa za mu yi. Suka dubi juna, don ba su saba ba. Na fara da layin farko, na raɗa wa ta bakin layi: "An saki ruwa a kanal, a gaya wa Baba ya kai inji gona." Magana ta bi kunnuwa tana tafiya, ana ƙyalƙyala dariya a hijabi. Da ta kai ƙarshe, yarinyar ta miƙe ta ce, "An saki Baba a kanal, a gaya wa inji!" Aji ya kece. Ni ma sai da na dafa allo. Layi na biyu ya fi na farko ɓarna. Na koma jikin taga na tsaya, na kama bakina kamar yadda dattijon ya ce.

Yarinyar tana layi na uku, a tsakiya. Raɗa ta zo kan wadda ke zaune a hagunta. Maimakon ta sunkuya ta raɗa mata kamar kowa, sai na ga ta miƙe, ta zagaya ta bayan benci, ta koma ta damanta, ta kafa baki a kunnenta ta faɗi maganar da murya har ina jiyowa daga taga.

Na ce, "Ke! Raɗa aka ce. Wa ya ce ki tashi?"

Ta juyo tana mamakin tambayar. "Malama, ai ta nan ba ta ji. Ta can ɗin ma sai an ɗaga murya."

"Me kika ce?"

"Kunnenta, Malama. Na hagu ya mutu."

Na dubi ajin. Babu wadda ta yi mamaki, ko ɗaya. Na ce, "Duk kun sani?"

Suka amsa baki ɗaya, "E, Malama."

"To don me ba ku taɓa faɗa ba?"

Can wata daga baya ta ce, "Ai mun zaci kun sani, Malama. Kullum malamai suna faɗa, ba ta ji, ba ta ji."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da nake tsayawa a gaban allo ina koya wa yaran nan cewa kalmar "ji" tana da fuska da yawa, akwai jin sauti, akwai jin yunwa, akwai jin magana, akwai jin Hausa, har jarrabawa na yi musu a kai. Yarinya ta gaya mini da Hausa tsantsa, a ofishina, cewa ba ta ji sosai, ni kuma na tafi gindin darbejiya neman ma'anarsa a Turanci. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Gulmar da na zo yin bayani a kanta ma ban taɓo ta ba.

Da aka tashi na kira ta ofis. Wannan karon na ja benci na zauna a gabanta, ta ɓangaren dama, na ɗaga kaina yadda za ta ga bakina. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun da ta yi sanƙarau, lokacin zafi, tana ajin ƙarshe na firamare. Ta kwanta asibiti, ta tashi, kowa yana ta barka. Bayan nan ne ta lura duniya ta yi mata nisa. In tana kallon bakin mutum tana kama yawancin maganarsa. In ya juya baya ko aka ce ta sunkuyar da kai, shi ke nan.

"Ba ki gaya wa kowa a gida ba?"

"Na gaya wa Baba. Ya yi ta kirana daga zaure ban amsa ba, ya shigo ya ce ba kya ji ko, na ce e. Sai ya mare ni. Na gaya wa malamin lissafi. Ke ma na gaya miki, Malama."

Ba da zargi ta faɗa ba. Da ma da zargi ne, da ya fi mini sauƙi.

Na ruga ofishin Hajiya. Ta saurare ni hannunta a kan baki, ta yi ta salati. Sannan ta ce, "Malama, ai an makara. Ranar da kika zo nan kina faɗa, a ranar na aika wa uban. Jiya ya aiko da amsa. Ya ce ta ƙarasa satin nan, daga Litinin ba za ta sake zuwa ba."

Wato bakina ne ya kore ta. Ba malamin lissafi ba, ni.

Ranar Asabar da hantsi na hau babur na nufi ƙauyensu. Tun daga bakin gari shinkafa ce shanye a kan tamfol ko'ina, sai ka bi a hankali kada ka taka. Gidansu yana manne da wani injin casa, ƙararsa har cikin haƙori. Na sami uwar a tsakar gida tana juya shinkafa a durom, hayaƙi ya cika mata ido, yarinyar tana tura mata itace. Muka gaisa da ihu. Na yi mata bayani da ihu. Ta saki muciya ta dubi 'yarta, ta dube ni.

"Wayyo Allah! Malama, a gidan nan ai kowa ihu yake yi. Ta ina zan gane?"

Ta ce maganar makaranta kuwa ba a hannunta take ba, sai dai in je gona in sami maigidan, yau ake sakar musu ruwan kanal. Yarinyar ta sa hijabi ta shige gaba, muka bi gefen kanal. Na tuɓe takalmina na riƙe a hannu saboda taɓo. Duk hanyar ina shirya maganganun da zan gasa wa mutumin nan, mai marin yarinya don ta faɗi gaskiya. Na manta cewa ni ma tebur na buga mata.

Muka same shi ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangalin shinkafa zuwa wancan da fartanya, injin ban-ruwa yana ta ruri a bakin kanal. Dogo ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya amsa gaisuwata da mutunci, amma da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ɗaure fuska.

"Malama, na gode da wahalar da kika sha. Amma na gama magana. Ni na sa ta makarantar nan, ba wanda ya tilasta ni, ina so ta yi karatun da ban yi ba. Na yi faɗa, na yi nasiha, na yi duka. Kunnen ƙashi ne. Ba zan yi ta zuwa ana karanta mini laifin 'yata a gaban mutane ba."

Na buɗe baki zan fara, sai na tuna dattijon Bunkure, na haɗiye. Na ce, "Malam, alfarma ɗaya nake roƙo. Kashe injin nan na ɗan lokaci."

Ya dube ni kamar zai ƙi, don ranar ruwa ba a wasa da ita. Ya je ya kashe. Wuri ya yi tsit, sai kukan ruwa a cikin fangali da muryoyin masu aiki a gonakin maƙwabta. Na kama hannun yarinyar na kai ta ɗan nesa kaɗan, na juya ta tana fuskantar shinkafa, bayanta gare mu. Na nuna mata da hannu ta tsaya nan. Na dawo kusa da shi.

"Kira ta, Malam. Yadda kake kiranta a gida."

Ya kira sunanta. Ba ta motsa ba. Iska tana kaɗa gefen hijabinta.

Ya sake kira, ya ɗan ɗaga murya. Shiru.

Na ga ransa ya fara ɓaci, irin ɓacin da ya saba. Ya daka mata kira na uku da tsawa, har wani mai dashe a gonar gaba ya ɗago. Sai a sannan ta ɗan karkato da kanta ta dama, tana laluben inda sautin ya fito, ba ta ma tabbata an kira ta ba.

Na ce, "Kunnen hagu ba ya aiki. Na dama saura kaɗan. Tun sanƙarau ne. Ta ce ta taɓa gaya maka."

Fartanyar ta zame daga hannunsa ta faɗa ruwa, bai ɗauka ba. Ya zauna a bakin fangali, cikin taɓo, yana kallon bayan 'yarsa. Na ga leɓensa yana motsi, yana lissafi da yatsu.

"Rani uku," in ji shi. "Rani uku ina dukanta."

Na je na taɓa kafaɗarta, muka dawo. Ta durƙusa a gefensa kamar yadda aka koya mata, a tsorace, ba ta san abin da aka yanke ba. Shi kuma kansa a ƙasa, ya kasa dubanta. Da wata murya can ciki, wadda ni ma da ƙyar na ji, ya ce, "Ki yafe mini."

Ba ta ji ba. Bakinsa a ɓoye yake, ga shi ta hagunta yake zaune. Ta juyo ta dube ni, idonta yana tambayata me ya ce. Na matsa zan gaya mata, sai ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe, taɓo yana zuba daga rigarsa, ya zagaya ta damanta, ya sunkuya daidai kunnenta. Magidanci ne, a gonarsa, maƙwabtansa suna tsaye a fangalinsu suna kallo. Ya buɗe murya yadda duk suka ji.

"Na ce ki yafe mini! Na zalunce ki ban sani ba. Jibi da kaina zan kai ki makaranta, daga nan mu wuce Kano a duba kunnen nan."

Ta ja hijabi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa, tana gyaɗa kai. Masu dashe suka sunkuya suka koma aikinsu kamar ba su ji komai ba. Ni da na zo da shirin faɗa, kuka ne ya ƙwace mini, ina tsaye da takalmi a hannu. Kwana biyu ke nan da na gane gaskiya, na je ofis, na je gida, na zo gona, amma ni ban roƙe ta gafara ba tukuna.